Taku Tara a Bakin Titi

"Lafiya lau ka ce masa. Da kunnena na ji."

"To me kike so in ce?"

"Gaskiya, Malam. Ka ce akwai ƙarfe a ƙafarka. Kalma nawa ce?"

Yahya bai ɗago ba. Yana zaune a kicin, hularsa a kan gwiwa, shayin da matarsa Rahina ta zuba masa ya riga ya huce. Yanzun nan suka dawo daga ofishin lauyarsa a Downtown, tsakiyar gari, inda aka nuna musu bidiyon da kyamarar ƙirjin ɗan sanda ta ɗauka ranar da aka kama shi. Minti goma sha tara. Rahina ba ta taɓa ganinsa ba sai yau, tun a mota kuma take tafasa.

"Ɗan sandan nan a haife na haife shi fa," in ji Yahya. "Ya tsare ni a titi ya tambayi lafiyata, sai in zauna in zayyano masa ciwona? A gidanku haka aka koya muku?"

"Ba gaisuwa yake yi ba! Cewa ya yi, kana da matsala a ƙafa, ko baya, ko ido, da za ta hana ka yin gwajin nan? Kai kuma ka dafe ƙirji, lafiya lau, godiya ga Allah. Har da murmushi!"

"Na san ba gaisuwa ba ce."

"To?"

"Bakina ne ya riga ni."

Ta ja tsaki, ta juya ta kunna famfo, alhali babu abin wankewa.

Abin ya faru ne a watan Maris, ranar azumi na ashirin, ƙarfe biyar da wani abu na yamma. Shekara shida Yahya yana tuƙa motar wani kamfani mai kai masu wankin ƙoda asibiti. Ya sauke fasinjarsa ta ƙarshe, wata tsohuwa a East Greensboro, ya tsaya ya yi la'asar a bayan wani shago, ya jefa takalmin aiki a baya ya bar silifas a ƙafarsa. A titin Gate City Boulevard kwali ya faɗo daga bayan wata a-kori-kura. Ya kauce masa, taya ta taɓa layi. Sai fitilar 'yan sanda a madubi.

Ɗan sandan ya rubuta abu huɗu tun kafin Yahya ya fito daga mota: jan ido, bushewar baki, wari a numfashi, ƙin haɗa ido. Duk gaskiya ne. Mutumin da ya tashi sahur ƙarfe huɗu da rabi idonsa zai yi ja. Bakin mai azumi kowa ya san shi. Haɗa ido kuwa, tun yana yaro a Zariya an cire masa wannan: ba ka ƙura wa hukuma ido.

Daga nan aka shiga gwaji. Na farko, bi biro da ido kada kai ya motsa. Rana na faɗuwa daidai bayan kafaɗar ɗan sandan, motoci na wucewa da gudu, idon Yahya na ruwa. Na biyu, taku tara a kan layi, dunduniya na taɓa yatsu, ka juya ka dawo da tara. Yana jin an ce layi ya fara takawa, don a saninsa in hukuma ta ce ka yi abu ba ka tsayawa. Aka rubuta: ya fara kafin a gama bayani. A taku na huɗu ya sauka daga layin. Ya ware hannu don kada ya faɗi, aka rubuta wannan ma. Na uku, tsaya da ƙafa ɗaya kana ƙirge. Bai kai bakwai ba.

Ƙafarsa ta hagu ta gaza ta dama da faɗin yatsu biyu. Babur ne ya kayar da shi a hanyar Kano shekara ashirin da bakwai da suka wuce, aka sa masa ƙarfe daga kwatangwalo zuwa cinya. Tun daga lokacin yake sa ciko na roba a takalmi, ya koyi wata tafiya a hankali wadda mutane ke ɗauka natsuwa ce. A duk Greensboro Rahina kaɗai ta sani. Silifas kuwa ba ya ɗaukar ciko.

Aka sa masa ankwa a gaban shagon da yake sayen garin semo.

A ofishinsu ya hura na'urar awon giya, sifili. Ya sake hurawa, sifili. Ɗan sandan bai ko girgiza ba, ya ce to ƙwaya ce. Aka ɗebi jini. Da ruwan famfo a kofin takarda ya sha ruwa ranar.

Washegari kamfani ya karɓi makulli. Manajan ba mugu ba ne. Ya ce zai riƙe masa gurbinsa zuwa ƙarshen Oktoba. In ya kawo takardar da ke cewa kotu ta wanke shi, ya karɓi motarsa. In Oktoba ta wuce, shi ke nan. Yau ga shi ana tsakiyar Satumba. Sakamakon jini bai fito ba. An ɗage zama sau uku, na gaba ranar ashirin da tara ga Oktoba. Lauyar ta ce in har ranar ta zo babu sakamako, za ta nemi a yi shari'ar haka nan, kuma bidiyon ne zai zama babban shaida. Abin da zai iya tsayawa a gabansa ɗaya ne: hoton ƙashi da takardar likita.

"Ba zan kai ƙafata kotu ba," in ji Yahya.

Rahina ta kashe famfon. "Ka fi so a ce maka ɗan ƙwaya a kan a ce maka mai ɗingishi?"

"Allah Ya san ban sha komai ba."

"Allah Ya sani. Alƙali fa? Ni da na san ka shekara ashirin da biyu, da na ga bidiyon nan sai da gabana ya faɗi. Kana tangaɗi, Malam. Wallahi kana tangaɗi."

"In kamfani suka ji ina da ƙarfe..."

"Motar ba ta da kuloci. Ƙafar hagu me take yi banda zama?"



"Hotonka na ranar kamu yana wayar kowa. Hajiya Dalila ta tare ni a wurin suna tana ce mini in yi haƙuri, jarrabawa ce, maza sai a hankali. Maza sai a hankali! Ni ta faɗa wa haka. Kai ka koma Juma'a a garin High Point don kada ka haɗu da mutane, ni kuma ina nan ina haɗuwa da su."

"Ya isa."

"Bai isa ba."

Ya sa hularsa ya fita. A matakala ya riƙe ƙarfen gefe, abin da ba ya yi in akwai mai kallo.

Tun da aka karɓe makulli, garejin Davou ne wurin zamansa. Davou mutumin Jos ne, makanike, ɗaya daga cikin dattawan cocinsu, kuma shi kaɗai ne bai taɓa ce wa Yahya ya yi haƙuri ba. Ranar Asabar da azahar Yahya ya tarar da shi a bakin gareji da kwanon farfesu. Chaïbou na Maraɗi, mai tura tsofaffin motoci gida, yana zaune a kan taya. Husaini, nas a wani asibiti, ya kawo motarsa a canza birki.

"Malam na Zariya!" in ji Davou. "Matata Jimmai ta ce Madam ɗinka ta ce kun ga fim ɗinka. An ce ka yi rawa."

"Matanmu ba sa riƙe magana."

"Shi ya sa muke da rai. Zauna. Yau sai na ga wannan gwajin da idona."

Ya ɗauko allin da yake yi wa taya alama, ya ja layi a kan siminti daga bakin ƙofa zuwa inda ake ɗaga mota. Husaini ya nemo ƙa'idojin a waya ya fara karantawa. Abubuwa takwas ake dubawa a tafiyar layi. Mutum ya yi biyu, an ce akwai alama.

"Biyu cikin takwas?" in ji Chaïbou. "A makarantarmu mai shida cikin takwas kyauta ake ba shi."

"Tashi mu gani, Alhaji."

Chaïbou ya tattare babbar rigarsa ya hau layi. Husaini bai rufe baki ba ya fara takawa.

"Ɗaya! Ban ce ka fara ba."

"Kai, ba ka ce layi ba?"

"Koma. Hannu a gefe."

A taku na biyar tumbinsa ya rinjaye shi, hannuwa suka tashi sama.

"Biyu! Alhaji, an kama ka. Me ka sha?"

"Kunun gyaɗa, wallahi! C'est pas sérieux, wannan ai wasan yara ne."

Husaini ya miƙa wayar ya gwada nasa. Matashi ne, yana zuwa motsa jiki. Ya tafi daidai, amma a wajen juyawa ya juya gaba ɗaya maimakon ƙananan taku, a dawowa kuma ya yi goma. Davou ya buga cinya yana dariya.

"Nas guda! Wanda ke ba mutane allura! Ku matsa."

Ya ajiye kwano, ya goge hannu a wando. Ya saurari bayani har ƙarshe, hannu a gefe kamar soja. Taku tara, juyi, taku tara. Ko karkacewa bai yi ba. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ƙirga talatin, ya ƙara da biyar don tsokana.

"Shekara takwas ina tsaron gida a ƙwallo," in ji shi. Ya sunkuya bayan durom ya ɗago kwalabe biyu na giya, babu komai a ciki. "Kuma ga abin da na kora farfesu da shi. Kada ku gaya wa fasto. Jimmai ce za ta zo ta ɗauke ni, ni ba mahaukaci ba ne."

Chaïbou ya yi dariya har da tari. Husaini ya kama ciki.

Yahya bai yi dariya ba. Yana kallon kwalaben.  Wata shida. Wata shida yana zaune a kan benci kamar marar amfani, yana zagaye masallacin da ya taimaka aka shimfiɗa wa kafet, saboda wani awo da mai giya biyu a ciki ya haye, mai kunun gyaɗa ya faɗi.

"Da kai ɗan sandan ya tsayar," in ji shi a hankali, "da ya ce ka wuce."

Dariyar ta mutu.

"Da ya ce in wuce," in ji Davou.

Yahya ya sunkuya ya kwance takalmin hagu. Ya zaro cikon robar, baƙi, ya lotsa a tsakiya, ya ɗora a kan bonet. Ya naɗe wando har sama da gwiwa, inda tabon ɗinki ya fara ya haura. Ya miƙe a kan simintin ba takalmi. Kowa ya ga yadda kafaɗarsa ta hagu ta sauka.

 Chaïbou ya kawar da kai.

"Shekara goma sha ɗaya muna tare," in ji Davou. "Ni na ɗauka yanga ce ta malamai."

"Husaini," in ji Yahya, "wane likita ne zai ɗauki hoton nan ba sai na jira wata uku ba?"

Ranar ashirin da tara ga Oktoba ya shiga kotu da babban ambulan mai ɗauke da hoton ƙashi da takardar likita a hammata. Sati biyu yana haddace abin da zai faɗa da Turanci, Rahina na zama alƙali a kan kujerar falo tana katse shi. Ya shirya naɗe wandon a gaban kowa in an buƙata. Ya ma zaɓi mai faɗin ƙafa.

Suka zauna a bencin baranda a hawa na biyu. Mutane cike, kowa da takardarsa a hannu. Ƙarfe goma saura lauyar ta fito daga ɗakin shari'a tana murmushi.

"Sakamakon jini ya zo. Babu komai. Ko maganin ciwon kai babu. Mai gabatar da ƙara ta janye, ta sa hannu. Ga takardarka."

Rahina ta rufe fuska da mayafi. "Alhamdulillahi. Alhamdulillahi."

Yahya ya karɓi takardun. Biyu ne. Ya karanta ta janyewar, layi uku. Ya duba ta jinin. A ƙasa akwai ranar da aka gama awon: goma sha biyu ga Agusta.

"Agusta," in ji shi.

"Haka ne. Ta makale a wani tebur. Yana faruwa."

"Yaushe zan shiga wurin alƙali?"

"Ba sai ka shiga ba. An gama. Ka yi nasara."

"Bai ga bidiyon ba?"

"Babu buƙata."

"Wannan fa?" Ya ɗaga ambulan.

"Ajiye shi a gida."

Rahina ta riga ta matsa gefe da waya a kunne, tana kiran kamfani. Yahya ya tsaya da ambulan a hannu ɗaya, takardu a ɗayan.

"Shi ɗan sandan me za a ce masa?"

Lauyar ta sauke murya. "Ba komai. Ya bi littafinsa. Gwajin ba ya cewa ka bugu, yana ba shi dalilin kama ka ne kawai."

"Ni ai ya ce mini na bugu. Wata bakwai yana faɗa."

"Na sani."

"Irina nawa ne?"

"Ni dai na ga da dama. Tsofaffi, masu ƙiba, masu ciwon baya, masu tsoro. Wasu kuma da gaske sun sha, gwajin ya kama su. Ba zan ce maka ba ya kama kowa ba." Ta duba agogo. "Shawara ɗaya. Gwajin bakin titi ba dole ba ne. Kana iya cewa ba za ka yi ba, cikin ladabi."

"In na ƙi sai ɗan sanda ya bar ni?"

"Yana iya kama ka duk da haka, in ya ce ya ga alama."

"In na gaya masa ƙafar?"

"Zai rubuta. Wani zai haƙura. Wani zai ce gwada iya ƙoƙarinka."

"Kin kuwa ga ƙoƙarina."



Rahina ta dawo idonta na sheƙi. "Litinin, Malam! Biyar da rabi na safe. Ya ce hanyarka ta da, fasinjojinka na da. Tsohuwar nan ma wai kullum sai ta tambaye ka." Ta dube shi. "Mene ne kuma? Ka ce alhamdulillahi mana."

"Alhamdulillahi."

Idonsa na can ƙarshen baranda. Ɗan sandan na zaune a benci shi kaɗai, kofin kofi a gefe, tarin fayil a kan cinya, yana jiran a kira shari'o'insa na yau. Fayil ɗin sun kai goma. Ya yi aski. Ya fi yadda Yahya ke tuna shi ƙuruciya.

"Malam, don girman Allah," in ji Rahina da Hausa. "Mun samu abin da muka zo nema. Mu tafi."

Ya riga ya fara tafiya. Lauyar ta bi shi da sauri, Rahina na bayanta.

Ɗan sandan ya ɗago, fuskarsa a sake. Bai gane shi ba.

"Watan Maris," in ji Yahya da Turanci. "Gate City. Farar mota ta masu wankin ƙoda."

Ya ɗan yi tunani. "Oh. Na tuna. Na ji an janye. Na taya ka murna, yallaɓai."

"Jinina babu komai."

"Haka aka ce mini." Ya gyara fayil ɗin a cinyarsa. "Ka gane, ni abin da na gani na rubuta. Yadda aka koya mini na yi. Na kuma tambaye ka ko kana da matsala."

"Ka tambaya. Na amsa maka ba daidai ba. Wannan nawa ne, na ɗauka." Muryar Yahya ba ta tashi ba. "Da na gaya maka, da ka bar ni na tafi?"

"Ya danganta."

"Da me?"

Ɗan sandan ya dubi lauyar. Ita kuma ta taɓa hannun Yahya. Bai motsa ba.

"Ranar Litinin zan koma kan titin nan. Sau huɗu a rana nake bin sa, da marasa lafiya a baya. Azumi zai sake zuwa, idona zai sake ja. Ƙafar nan ba za ta ƙara tsawo ba. Ko shekara na yi ina koyo ba zan taka maka taran nan ba. To ka gaya mini, in ka sake tsayar da ni, me zan yi dabam?"

Ƙofar ɗakin shari'a ta buɗe, aka kira sunan ɗan sandan. Ya miƙe, ya tattara fayil ɗinsa, ya ɗauki kofinsa. Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya gyaɗa kai kawai ya shige. Ƙofar ta rufe a hankali.

Lauyar na duba wayarta. Rahina na kallon tayil. A bencin da ke kusa wani dattijo mai sanda ya ɗago yana kallonsu, takardarsa a ninke a hannu.

Yahya ya juya ga matarsa, ya koma Hausa.

"Rahina, ke da kika ce in faɗi gaskiya. Ran Litinin in ya kunna mini fitila, me zan yi?"